Burodin da Aka Ce Ba Ya Ruɓewa

Maganar ta faro ne daga wani saƙon murya na minti huɗu. Wata mata ce take haki tana rantse-rantse cewa burodin nan mai kirim a ciki, na kantin gidan mai, da maganin gawa ake kwaɓa shi. Shi ya sa, in ji ta, zai yi wata bai ruɓe ba, ko kiyashi ba ya raɓarsa. Sau uku aka turo mini shi a yini guda, har da wani tsohon ɗalibina da na taɓa ba lambar yabo a kimiyya. Nasa ne ya fi yi mini ciwo.

Da na goge na manta, in ba don Takwara ba. Jikata ce mai sunana, tana da cikin fari wata huɗu, laulayi ya sa ta gaba. Duk abin da ta ci sai ya dawo, in ban da wannan burodi. Sati shida tana rayuwa a kan guda biyu a rana. Sai uwar mijinta, wadda muke kira Hajiyar Bene, ta ji saƙon, ta ajiye guda a gidanta ta gwada, daga baya ta zo ta fizge burodin daga hannunta, ta ce ta gama jiƙa mata jika da maganin gawa.

Kwana uku ke nan Takwara ba ta sa komai a baki ba sai ruwan shayi. Na same ta kwance a doguwar kujera, wuya ya zama kamar mariƙin ludayi.

"Likita ya ce lafiya lau kuke, ke da shi," na ce.

"Kaka, likita ai bai ga burodin ba. Hajiya kuwa tana da guda a gidanta, sati uku, ko ɗigon funfuna babu. Na gani da idona."

"To, ni ma zan gani da nawa, ko da yake ɗaya ya fara ritaya. Tashi ki wanke mini kwalabe."

Na taka har kantin. Sanyin na'ura ya dake ni tun daga ƙofa. Burodin na nan jere a kanta ta biyu, tsakanin biskit da man goge baki, kowanne cikin ledarsa mai hoton saniya tana murmushi. Babu wanda ya taɓa layin. Na ɗauki huɗu, na haɗa da burodi na kullum, marar komai a ciki. Matar da ke kan na'urar karɓar kuɗi ta dube ni ta saman tabarau.

"Mama, ba ki ji abin da ake faɗa ba?"

"Na ji. A shekaruna, 'yata, in da gaske ne ai na rage wa masu wanka aiki."

Shekara talatin da biyu na yi ina koya wa yara cewa ba a gwada abu shi kaɗai, sai an ajiye masa abokin gwami. A kan teburin cin abincin Takwara na yanka mai kirim biyu, na sa a kwalba na rufe. Na sa yankan burodin kullum a wata kwalbar. Wani yankan na kullum ɗin na shanya shi a buɗe a bakin taga, inda rana ke bugawa. Na lakato kirim a faranti na ajiye a ƙasa, bayan ƙofar kicin.

Kafin la'asar kiyashi sun yi layi tun daga ƙarƙashin kabad har farantin. Takwara ta ɗauki hoto ta tura wa Hajiyar Bene. Amsa ta dawo nan take: kiyashin zamani ne, ba abin da ba sa ci.

Kwana biyu, kwalabe shiru. Kwana uku, na kullum ya fara furfura a gefe, mai kirim kuwa yana nan fes kamar yanzu aka ɓare shi. Na ɗaga kwalbar ina juyawa a hasken taga, har da gilashin ƙara girman rubutu da nake karanta takardar magani da shi. Babu komai.

"In bai ruɓe ba fa?" Takwara ta tambaya. Cokali uku na shinkafa ta iya haɗiyewa ran nan, ina tsaye a kanta.

"Sai in ce na yi kuskure. In sa mayafina in je in durƙusa wa surukarki a gaban kowa, in an samu mai ɗaga ni."

Ba ta yi dariya ba. Ni ma a raina ban yi ba.

Safiyar kwana na biyar wayarta ce ta katse mini lazimi.

"Kaka! Ya yi gashi! Kore da baƙi, wallahi har ƙyama!"

Ban taɓa jin mutum yana murna da ruɓa haka ba.

Muka ɗauki kwalabe a kwando muka nufi gidan Hajiyar Bene, ni da sandata, ita da cikinta. Muka tarar da falo cike da ƙawayenta, an ɗora shahararren burodin a kan tire ana zagayawa da shi. Bayan gaisuwa na dire kwalbar mai kirim a tsakiyar tebur, kusa da kofunan baƙi. Na kwance murfin. Mata biyu suka toshe hanci da mayafi.

"Malama, me ye haka a falona?"

"Ɗan'uwan naki ne, Hajiya, kanta ɗaya suka fito. A ina kike ajiye naki?"

"A tagar kicin."

"A buɗe?"

"A buɗe mana, don kowa ya gani."

Na ɗauki nata na ƙwanƙwasa a tebur, ya yi ƙara kamar katako. Na ciro yankan burodin kullum da na shanya a taga, na ƙwanƙwasa, shi ma haka.

"Wannan irin wanda kika karya da shi ne yau da safe. Kwanansa biyar a rana, ga shi ko ɗigo babu. Shi ma gawa ce? Abin da ya bushe ba ya funfuna. Kiyashi kuwa da ba su raɓi naki ba, tun daga matakala nake shaƙar maganin ƙwarin da ake fesa miki. Ni kaina da ƙyar na shigo."

Wata daga cikin ƙawayen ta ƙyalƙyale, ta mayar da ita tari. Hajiyar Bene ta gyara zama.

"Ko ma dai mene ne, ba abincin kirki ba ne."

"Ban ce na kirki ba ne. Na ce ba na gawa ba ne. Yarinya kwana takwas ba ta ci abin a zo a gani ba saboda wata mai haki a waya da ko sunanta ba mu sani ba."

"Ni dai jikana nake karewa."

"Jikan naki yunwa yake ji."

Sai muka ji ƙarar leda. Takwara ce, wadda tun aurenta ba ta taɓa ɗaga ido a falon nan ba. Ashe da na tsaya hutawa a bencin gidan mai, ba ruwa kaɗai ta shiga saya ba. Ta ɓare sabo, ta yi bismillah, ta gatsa har kirim ya tsarto mata a haɓa.

"Umma, bismillah," ta ce, tana miƙa wa surukarta rabi.

Hajiyar Bene ba ta karɓa ba. Takwara ta cinye duka biyun, ta lashe yatsa, ta zauna muna jira. Bai dawo ba.

Burodi ne na fulawa, da kirim na man gyaɗar masana'anta da garin madara, sukarinsa ya yi yawa. In an rufe shi a kwalba, yana ruɓewa a kwana biyar.