Birkin Abu Usman

Tun da likita ya duba idon maigidana ya ce tuƙi ya ƙare, gidanmu na Aziziyya ya koma kamar gidan makoki. Abu Usman ya tsufa yana jan tirela daga tashar jiragen ruwa ta Jidda, kuma yana da dokar da ya kafa wa kansa: ba ya shiga motar da wani ke tuƙawa. In dole ta sa ya shiga, to idonsa ƙur a kan titi, ƙafarsa ta dama tana taka birkin da babu. Saboda haka sai ya daina fita. Daga gida sai masallacin unguwa. Mutumin da ya san kowace kwana daga nan har Dammam ya dawo yana min gyara a kan gishirin miya. Na gaji, kuma na ji tsoro, don na ga yadda zaman gida ke cinye maza irinsa.

Autarmu Najwa tana aiki a wani kantin magani a unguwar Safa, tana da motarta da lasisinta, amma ubanta bai taɓa sa ƙafa a motar ba. Wata Juma'a da zafin Jidda ya kai mutum ya fito wanka yana gumi, ta ce mu hau dutse gobe, mu wuni a kwarin Shafa, can bayan Ɗa'ifa.

"Ku je lafiya," in ji shi.

Na ce, "To. Naman tsire da yajinka za su bi mu. Akwai burodi a firij."

Da safe muka same shi a gaban mota, ya riga kowa shiri, yana dudduba tayoyi yana ɓata rai.

Har muka kewaye Makka bai ce uffan ba, ƙafar ce kawai ke aiki. Da muka kama hawan Hada, inda titi ke nannaɗe dutse, sai bakin ya buɗe.

"Shwayya shwayya, ya binti, a hankali 'yata. Kwana ce. Kin ga wancan? Bar shi ya wuce, mahaukaci ne."

"Na gan shi, Baba."

"Ba ki gan shi ba, ni na gan shi."

Na ce daga baya, "Kai da likita ya ce ba ka gani?"

Ya yi kamar bai ji ba. Najwa ta danne dariya, amma na ga yadda ta damƙe sitiyari, na san a ranta ba wasa take ba. Yarinyar nan ba abin da take so a duniya kamar uban ya yarda da hannunta.

A wani wurin tsayawa birai suka yanyame mu. Wani ƙato ya zura hannu ta taga ya zare ledar burodi daga cinyar Abu Usman, ya hau dutse ya zauna yana ci yana kallonsa ido cikin ido. Mutumin nan ya tuntsire da dariya har da tari. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin maganar likita.

Kwarin kuwa sai wanda ya gani. Iska mai sanyi, itatuwa kore shar, gajimare yana yawo ƙasa-ƙasa a tsakanin duwatsu. Muka shimfiɗa darduma, ya hura gawayi, ya jera tsire yana barbaɗa yaji kamar wanda aka biya. Ƙamshi ya jawo wasu mutanen Ɗa'ifa da ke zaune kusa, suka aiko da rumman, muka mayar da tsire. Ya saya mana barshumi, 'ya'yan nan masu ƙaya, ya hana mai sayarwa ferewa wai shi ya fi iyawa, ƙaya ta cika masa yatsu, ni na zauna ina cirewa ina masa tsiya. Yayyafi ya sauko, babu wanda ya tashi.

Bayan la'asar hazo ya rufe dutsen, ga gangara tana jiranmu. Fara'arsa ta ɗauke.

"Hawa ba komai ba ne," ya ce. "Sauka ce ke kashe mutane. A kira ɗanmu Usman ya zo ya ɗauke mu."

"Usman yana Riyad," na ce. "Yalla, shiga."

Najwa ta zauna. Ta daki sitiyari sau biyu da tafin hannu, ta yi bismilla, ta sa ƙaramar giya, sannan ta sauke gilashin gefenta kaɗan. Sanyi ya shigo.

"Rufe tagar mana, uwarki za ta yi mura."

"La, a'a, Baba. In birki ya ɗau zafi, ta ina zan ji warinsa?"

Ya juyo ya dube ta. "Wa ya koya miki wannan?"

"Wa kuwa? Tun ina ƙarama ina bayanka ina kallo. Duk gangara haka kake yi."

Ya mayar da idonsa kan titi. Muka shiga kwana ta farko, ƙafar ta taka birkinta. A ta gaba ta ɗan motsa kawai. Can sai na ga ya sunkuya ya zare takalmansa, ya kwantar da kujera. Kafin mu kai gindin dutse minshari ya cika motar. Tun da na aure shi ban taɓa ganin ya runtsa a motar wani ba. Najwa ta dube ni ta madubi, hawaye na zuba, tana murmushi.

A ƙofar gida ya farka ana kiran magariba.

"Ba barci na yi ba," ya ce, yana laluben takalmi. "Najwa, gobe in kin tashi aiki ki kai ni tashar jiragen ruwa in gaisa da mutanena. Kuma ki ajiye ni a bakin ƙofa, inda za su ga wanda ya kawo ni."