Kyanwar da Ta San Hanya

Da hantsi Adda Zulaihatu ta tsinci kyanwarta a mace a bakin kwata, baki duk kumfa, nonuwa cike tim babu mai sha. Kusa da ita ga guntun kan kifi an barbaɗe shi da shinkafar ɓera. Adda ba ta yi kuka ba. Hijabi ta zura, ta fita daga lungunsu na gindin duwatsun Dutse, ta tsallaka titin Kiyawa, ta nufi shagon hatsin Nata'ala, ƙanin mijinta marigayi.

Duk unguwa an ji Nata'ala yana rantsuwa sai ya ga bayan abin da ke cinye masa 'yan shila, don yana kiwon tantabaru a bayan shagon. Amma da ta tsare shi, sai mutumin nan ya washe baki.

"Ni? Haba Adda! Kyanwa ai yawo gare ta. Wa ya san inda ta je ta ci ajalinta?"

Dariyar ce ta fi ƙona mata rai. Tun da mijinta Malam ya rasu, 'ya'ya suka watse garuruwa, wannan dabbar ce kaɗai take kwana da ita, take tashi da ita.

"Wallahi sai ka faɗa da bakinka," in ji Adda, ta juya ta tafi.

A bayan randa ta sami 'ya'yan kyanwar, guda biyu, ja da baƙa, ko ido ba su buɗe ba. Kowa ya ce mutuwa za su yi. Adda ta ce su gani. Ta shimfiɗa tsohon zaninta a kwando, ta ajiye kusa da murhu. Madarar akuya take ɗumamawa, ta tsoma auduga, ta ɗiga musu a baki. In sun sha, ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ta goga musu ciki kamar yadda uwa take lasa, don in ba haka ba fitsari ma ba sa iyawa. Da suka fara rarrafe ta zuba yashi a fasasshen kasko, ta riƙa kama ƙafarsu tana koya musu tono.

"Adda, ko jikokinki ba su sami wannan gata ba," in ji Bilki maƙwabciyarta, tana leƙe ta katanga.

"Jikokina ba marayu ba ne."

Tausayi ne, babu shakka. Amma duk ɗigon madarar da ya shiga bakinsu, da sunan Nata'ala yake shiga.

Ta san abin da zai faru, kuma ya faru. Da babu kyanwa a kusa, ɓeraye suka mayar da shagon Nata'ala gidan ubansu. Suka huda buhuna, suka shanye ƙwan tantabaru. Ya sake zuba guba, tantabarunsa suka tsattsage ta, suka zube. Tarko kuwa sai ka ce ado ya ajiye musu. Adda ta ji labari ta ce madalla, ta fara nata shirin.

Kowa ya san in za a kai kyanwa sabon gida a buhu ake saka ta, don kada ta ga hanya ta koma. To, injin niƙa yana jikin shagon Nata'ala. Kullum Adda za ta je niƙa sai ta ɗauki 'yar jar a cikin hijabi, ta bar kanta a waje tana kallon komai: masallaci, mai faci, bishiyar darbejiya, titi. A dawowa, in an shigo lungu, ta sauke ta ta biyo ta a ƙafa. Suna isa gida ta lakato man shanu a yatsa ta ba ta. Haka aka yi ta yi har kyanwar ta fi mai gidan sanin hanya.

Ranar da Nata'ala ya yi sallama, hula a ƙeya, murya ƙasa-ƙasa, Adda ta bar shi a tsaye har ta gama tankaɗe.

"Adda, ɓeraye za su tashe ni. Ki taimaka mini da ɗaya."

"Kai da dabba ba ta yi maka komai ba? Ɗauki mana. Ai ba a hana kyanwa."

A gabansa ta saka 'yar jar a buhu, ta ɗaure, har da yi masa nasiha: ya rufe ta a ɗaki, ya ba ta madara, kada ya yi mata tsawa. Ya yi godiya har da durƙuso. Washegari da safe sai ga kyanwa a bakin murhu tana miƙa. Adda ta yi guɗa ita kaɗai a tsakar gida, ta ba ta man shanu har ta bari.

Ya dawo, aka sake ɗaure buhu. Ta dawo. Ya sayo kifi, ya toshe taga, ya shimfiɗa mata tsohuwar rigarsa. Da zarar an buɗe ƙofa don ciniki, sai ta sulale.

A wurin niƙa mata suka tambayi Adda ko lafiya kyanwa ta ƙi zama wurin Nata'ala. Ta gyara ɗaurin zani.

"Ni dai ban ce komai ba. Amma dabba tana jin warin jinin uwarta."

Shi ke nan, magana ta kama gari. Masu adaidaita in sun zo wucewa sai su yi masa kukan kyanwa. Wasu mata suka ce su kam ba sa cin hatsin mutumin da ya kashe mai shayarwa, suka koma wani shago. Har a masallaci wani dattijo ya ja shi gefe ya yi masa maganar haƙƙin dabba. Nata'ala ya rame, dariyar nan ta bushe ƙurmus. Adda kuwa tuwo ya fara yi mata daɗi.

"Ya isa haka, Adda," in ji Bilki. "Ɗan'uwan Malam ne fa. Mutumin nan ya ji jiki."

"Jin jiki na ce? Faɗa na ce. Ya faɗa, in bar shi."

Wata Laraba kyanwa ba ta zo da safe ba. Adda ta leƙa lungu, ta dawo, ta sake leƙawa. 'Yar baƙar ma sai zagaye take a ƙofa. Ana gab da azahar ta ji sallamar Nata'ala. Ya shigo da buhun a rungume a ƙirji, bai riƙo shi ta wuya kamar yadda ya saba ba. Ya ajiye a gabanta a hankali. Buhun bai motsa ba.

"Tipa ce, ta yashi," in ji shi. "Tana tsallakowa gida. A gabana aka yi, na yi ihu direban bai ji ba."

Adda ta dafa bango.

Nata'ala ya share fuska da hannun riga, ya dube ta sosai, abin da ya daɗe bai yi ba. Bilki tana bakin katanga, kuma bai rage murya ba.

"Uwar ni na kashe ta, Adda. Ni na zuba gubar, Allah ya yafe mini. Ga shi na faɗa." Ya nuna buhun. "Wannan kam ba ni ba ne."

Ya saka takalmansa ya fita. Adda ta zauna a ƙasa, ta jawo buhun kan cinyarta, ta kasa kwance ɗaurin.