Kwanon Tsakar Gida

Daren Talata mutanen wani layi a Runjin Sambo suka ji wata ƙara, kamar akuya ta maƙale cikin ganga: ta yi kuka, ta tsaya, ta sake. Wasu suka ce ɓarayi, wasu suka tofa addu'a suka juya. Ashe Balkisu ce a kan tsani da guduma, tana zare ƙusoshin kwanon da mijinta ya rufe tsakar gidansu da shi.

Kwana arba'in ke nan da buga shi. Wani ya gina bene a bayansu, taga ɗaya ta fuskanci gidan, sai Malami mahauci ya kira kafinta aka rufe sama gaba ɗaya, don kada namiji ya hango matarsa tana wanke-wanke. Ana tsakiyar bazara. Zogalenta ya zube, kaji suka daina ƙwai, ruwan randa ya koma kamar na shayi. Har ƙadangarun bango suka yi ƙaura. Abin da ya fi damunta, wata ya tsaya ya cika ya ɓace ba ta gan shi ba.

Malami bai kwana gida ba, ya ce ya tafi Illela sayen shanu. Da hantsi ya shigo ya tarar da rana kwance a tsakar gida, ga kwano bakwai jingine da bango.

"Wa yac cire?"

"Ni ta," in ji Balkisu, tana ɗaure yatsan da kwano ya yanka.

"Ki maida shi kahin azahar, ko ki kama hanyar gidanku."

Ya fita ya dawo da Maigandi, dattijon layin, wanda ya zauna a kan turmi yana fifita da hularsa.

"Ɗiyata," ya ce, "kishi na. Namijin da bai kishinki bai sonki. Haka anka yi mu."

"To Baba, ni da mi anka yi ni? Da laka?"

Maigandi ya dakata da fifita.

"Shekara ashirin ina auren mahauci," ta ce. "Duk san da yay yanka, harshe da ƙoda gidan nan su ka zuwa. Tun ƙaramar salla sai huhu da ƙashi. Rannan na hau keke napep na bi ledar naman. Sama Road tat tsaya, wurin wata mai shagon turare. Ba aure, ba sadaki. In aure yake so ga masallaci nan, ban hana ba. Na gaya ma yayarshi, tac ce in yi haƙuri, namiji na. Shi ko taga guda, wadda ban taɓa ganin an buɗe ba, yas sa anka gasa ni da raina."

"Ba ɗaya ba na," in ji Malami. "Mace daban, namiji daban."

"Haka na. Kai laihinka mace ta gaske, an ce in haɗiye. Ni laihina gilashin taga, an ce in yi kaya." Ta dubi ƙafafunsa. "Shanun Illela sun koyi tsabta, Baban Jafar. Takalminka ko kashi babu."

Maigandi ya yi tari, ya duƙa yana neman wani abu a aljihu.

Saura kwano ɗaya, can kusurwar madafa. Balkisu ta ɗauki gudumar, ta gyara zane, ta taka tsani.

"Balkisu, na ce azahar."

"Na ji. In ka rubuta takardar sakin ka aje bisa taga. Yanzu akwai hasken karanta ta."

Tsanin tsoho ne, ƙafarsa ɗaya ta fi guntu. Da ta kai mataki na biyar ya karkata, sai ga hannun Malami ya riƙe shi. Shi kansa kallon hannun ya yi, amma bai saki ba. Ƙusa ta yi kukanta ta fita, iska ta shigo ta ɗaga toka daga murhu.

A lokacin Delu maƙwabciya, wadda ta daɗe tsaye kan bokiti a bayan katanga, ta leƙo da kanta.

"Sannunku da aiki. Wai Malami, ita ta Sama Road ɗin, an ruhe mata sama ita ma?"