Yaran Bayan Lambatu

A unguwar Los Limoncillos babu inda yaro zai yi gudu sai kan titi, titin kuwa na 'yan acaɓa ne. Tun safe har yamma suke zirga-zirga tsakanin kasuwa da tashar mota, iyaye mata na tsaye a bakin ƙofa suna ƙwala wa 'ya'yansu kira har makogwaro ya bushe. Shekara uku ƙungiyar maƙwabta ta yi tana roƙon ƙaramar hukuma ta mayar da kangon bayan coci filin wasan yara. Kangon na gwamnati ne, ba abin da ke cikinsa sai ciyawa da fasassun kwalabe da wata tsohuwar katifa da ba wanda ya yarda tasa ce.

A shekara ta huɗu amsa ta zo. Don Fulgencio, mai kantin kusurwa kuma shugaban ƙungiyar, shi ya karanta takardar a taron ranar Lahadi. An amince, amma da sharaɗi: a kawo sunayen yara arba'in 'yan ƙasa da shekara bakwai, mazauna unguwar. In sun cika, za a kafa lilo da abin zamiya, a zuba yashi, a kewaye da waya, a sa ƙofa.

"Arba'in kawai?" in ji wani daga baya. "Ai layinmu kaɗai ya ishe su."

Aka ɗora wa Doña Nereida ƙidayar, don ita ce sakatariya, kuma rubutunta ya fi na kowa kyau. Shekara ashirin da shida ta yi tana dafa abinci a makarantar firamare kafin gwiwa ta zaunar da ita. Ita kaɗai take zaune a gidanta. Jikokinta biyu suna Madrid wurin uwarsu, a waya take ganinsu.

Ta ɗauki littafi da biro da lema ta shiga gida gida. Ta zaci aikin yini biyu ne, sai ga shi ya ci mako guda, don kowane gida sai an zaunar da ita an ba ta kofi. Abin da ta tarar kuma ba shi ta yi zato ba. Gidan da take jin kukan jariri bara, uwar ta aiko an kai mata shi New York. Tagwayen gidan Polanco da aka fara roƙon filin dominsu sun shekara tara, sun wuce. Wata tsohuwa ta riƙe mata hannu ta ce ta rubuta jikanta ko da ba ya nan, ai zai zo hutun Disamba. Nereida ta ce ba zai yiwu ba, tsohuwar ta yi fushi.

Ranar Asabar ta shiga kantin Fulgencio ta ajiye littafin a kan kanta, kusa da buhun shinkafa.

"Talatin da ɗaya," ta ce.

"Kin dai tsallake wani layi."

"Ni ce zan tsallake layi a unguwar nan? Babu ɗakin girkin da ban sani ba. Yaran ne babu, Fulgencio. Ƙararsu ce ta sa muke ganin suna da yawa."

Ya sosa ƙeya, ya auna wa wata mata man girki, ya dawo. "To ki cika tara daga kanki mana. Wa zai zo ya duba?"

"In mutu a ce na bar ƙarya da rubutun hannuna? Kai ka rubuta, in za a iya karantawa."

"To ga na bayan lambatu," ya ce, ya rage murya. "Yara ne da su kamar 'yan tsaki. Lissafi ai lissafi ne."

Bayan lambatu wani dogon gini ne na langa-langa mai ɗaki takwas, can ƙarshen unguwa, inda baƙi 'yan ƙasar Haiti ke haya. Mazan suna aikin gini, matan suna talla. Kowa na ganinsu, kowa na saye a hannunsu, amma ba a taɓa gayyatarsu taro ba, ba kuma wanda ya taɓa cewa kada a gayyace su. Maganar ce ba ta taɓa tasowa ba.

A taron Lahadi ta taso. Yocasta, mai shagon gyaran gashi, wadda ɗanta ya taɓa karyewa a hannu da babur ya buge shi, ita ta fi kowa son filin, ita kuma ta fara magana.

"A rubuta su, ba laifi. Amma ƙofa za a sa, ko? To makulli ya zauna a hannun ƙungiya. Mu muka yi shekara uku muna sintiri a ofis. Lilo nawa ne da za a ce kowa da kowa?"

"Wato mu ari sunansu mu rufe musu ƙofa," in ji Nereida.

"Ban ce haka ba, Doña. Na ce a yi tsari."

Aka yi ta ja-in-ja, ba a tsayar da komai ba. Fulgencio ya rufe taro da cewa a fara samun filin tukuna, maganar makulli ta biyo baya. Ba a rabon naman da ba a yanka ba.

Litinin da la'asar Nereida ta nufi bayan lambatu. Wani katako aka gitta a kan ruwan, ta taka shi a hankali tana dogara lema. Shekararta talatin da biyar a unguwar, ranar ce ƙafarta ta fara tsallakawa. A tsakar gidan an shanya kaya a igiya, yara suna tura murfin bokiti da kara. Da suka gan ta da littafi sai suka yi tsit, wata yarinya ta kwashi ƙanenta ta shige ɗaki.

Matar da ta fito Nereida ta san ta sarai. Ita ce mai kawo mata fiya a kwando kowace Talata da Juma'a, shekara shida ke nan. "Mai fiya" take kiranta. Sai da ta buɗe baki za ta gaishe ta, ta lura ba ta san sunanta ba.

"Doña, lafiya? Fiyar ce ba ta yi kyau ba?"

"Fiyarki ba ta taɓa ɓaci ba. Ki yi haƙuri, ko sunanki ban taɓa tambaya ba."

"Guerline," ta ce. Ta jawo kujerar roba ta goge da gefen zanenta.

Nereida ta zauna ta yi bayani tiryan-tiryan: kangon, takardar, arba'in, talatin da ɗaya. Guerline na tsaye tana saurare, idonta na kan littafin.

"Sunan yaro da shekararsa, sai me?"

"Sai sunan uwa da lambar gida."

"Littafin kuma ina za shi?"

"Ofishin ƙaramar hukuma."

Guerline ta girgiza kai. "Doña, kin san motar nan ta jami'an shige da fice mai kama mutane. Watan jiya ta ɗauki mijin maƙwabciyata a bakin aiki, da siminti a hannunsa. 'Ya'yana uku a asibitin garin nan na haife su, ba wanda yake da takardar zama ɗan ƙasa. Yanzu in ba ki sunansu, da sunana, da lambar ɗakina, ki kai ofis? Don lilo?"

"Ba ofishinsu ɗaya ba."

"Ke kin san bambancin. Takarda ba ta sani ba, inda aka tura ta nan take zuwa."

Ƙaramin yaron Guerline ya fito ya laɓe a bayan uwarsa, yana leƙen lemar.

"Bari in tambaye ki," in ji Guerline. "A ce na bayar. In an gama filin, wannan zai shiga ya hau?"

Amsar tana bakin Nereida, "Me zai hana?" Amma ta tuna fuskar Yocasta, da yadda mutane da dama suka gyaɗa kai da aka ambaci makulli. Matar nan shekara shida ba ta taɓa sa mata ruɓaɓɓiyar fiya a ƙasan kwando ba.

"Ban sani ba," ta ce. "Wasu na so, wasu ba sa so. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba."

"To kin ga." Guerline ba ta yi fushi ba, har ta ɗan yi murmushi. "Ki ƙirga su da ido in kina so, ido ba ya kai rahoto. Amma kada ki rubuta."

Nereida ta ƙirga. Goma sha ɗaya ne. Ta rufe littafin ba ta sa masa ko ɗigo ba.

A hanyar komawa ta tsaya a bakin kangon ta daɗe. A makaranta ba ta taɓa tambayar yaro takarda kafin ta zuba masa shinkafa da wake ba, faranti kawai yake miƙowa. Ta kasa tuna lokacin da ta koyi wucewa ta gaban wasu yara ba ta gan su ba. Ba wanda ya koya mata, kuma ba ta taɓa yanke shawarar yin haka ba.

Fulgencio ya yi ta faɗa da ya ji. "Sha ɗaya a hannu kika bari? Ko sunan ƙarya ai sai ki laƙaba musu. Kin kashe mana aikin shekara uku saboda taurin kai."

"Ka ɗauki littafin ka je da kanka."

Bai ɗauka ba. Yocasta ta yi mako biyu ba ta gaida Nereida.

Nereida ta sa rigarta ta zuwa coci ta hau acaɓa zuwa ofis da talatin da ɗayanta. Wata matashiyar ma'aikaciya mai tabarau ta duba jerin, ta ƙirga da bakin biro.

"Saura tara, Doña."

"Na sani, 'yata. Akwai sha ɗaya da na gani da idona, a unguwar suke kwana suke tashi. Ba zan kawo sunansu ba."

Ma'aikaciyar ta ɗago ta dube ta. Ba ta tambayi dalili ba, da alama ta gane. Ta ce doka ba ta ba ta ikon rubuta abin da ba suna ba. Amma akwai ƙaramin kaso da ake ba unguwannin da ba su cika ba: lilo biyu, abin zamiya ɗaya, tifar yashi ɗaya. Babu waya, babu ƙofa, babu benci. Sharar wurin kuma ta mutanen unguwa ce.

"Ki sa mu a ciki," in ji Nereida.

Da ta kawo labari, wasu suka ce rabin abu aka samo, wasu suka ce da babu gara ba daɗi. Maganar makulli ta mutu da kanta, tunda babu ƙofar da za a rufe. Asabar uku aka yi ana sharar kangon. Yocasta ta zo da safar hannu ta tsince kwalabe fiye da kowa, a rana ta biyu kuma ta miƙa wa Nereida ruwan sanyi.

Kayan ba su iso ba sai bayan wata takwas. A cikin watannin nan ne wata Talata Guerline ba ta zo da fiya ba, Juma'a ma haka. Nereida ta sake tsallaka katakon. Ɗakin a buɗe yake, an share shi tas. Wani ya ce sun koma garin Santiago wurin ɗan'uwan mijinta, wani ya ce ba haka ba ne, ya ƙi ƙarawa. Nereida ta tambayi duk wanda ta ga zai iya sani, ba ta sami tabbaci ba, har yau kuma ba ta samu ba.

Ranar da aka buɗe filin, limamin coci ya yayyafa ruwa, Fulgencio ya yi jawabin da ya fi filin tsawo, yara suka yi layi a bayan lilo suna faɗa. Daga bayan lambatu ba wanda ya zo. Kwana biyar Nereida tana kawo kujerarta ta zauna a inuwar bangon coci da la'asar. Tana hango wasu ƙananan kawuna can bakin lambatu, suna kallo, ba sa matsowa.

A rana ta shida ta bar kujerar ta tafi can. A ɗakin Guerline wata sabuwar mata ce, matashiya, da goyo da yara biyu. Nereida ta gaishe ta, ta faɗi sunanta, ta tambayi nata. Mirlande, in ji ta. Ba ta jin yaren garin sosai, sai da wata maƙwabciya ta yi musu tafinta.

"Ta ce nawa ake biya?"

"Ba a biya."

"Ta ce wa zai kula da su?"

"Ni. Ina nan zaune har a yi sallama da rana. In kawo su da kaina."

Mirlande ta dubi hannun Nereida, babu littafi, sai lema. Ta yi magana da maƙwabciyar a yarensu, sun daɗe. Daga ƙarshe ta shiga ɗaki ta wanke wa yaran fuska, ta sa wa macen ribom, ta ce awa ɗaya kawai.

Nereida ta riƙe su ɗaya a dama ɗaya a hagu suka tsallaka katakon. Da suka iso filin hira ta ɗan tsaya a cikin iyayen da ke wurin. Wata mata ta kira 'yarta ta ce lokacin wanka ya yi, alhali rana ba ta ko kusa faɗuwa ba. Sauran suka zauna. Yocasta na tsaye bayan lilo tana tura ɗan ƙanwarta. Ta dubi yaran, ta dubi Nereida.

"Layi ake bi, Doña," ta ce. "Kowa turi ashirin ne, ya sauka."

"Sun ji," in ji Nereida.

Ta kai su ƙarshen layin, ta nuna musu inda za su tsaya, ta koma ta zauna. Gwiwarta na zafi saboda tafiyar. Akwai yara huɗu a gabansu, sai ta fara ƙirga turin a zuci don kada a yi wa kowa ƙwange.