Baftismar Monik a Magama

Tabita Bawa ta yi shekara huɗu tana duba lafiyar matafiya a bakin iyakar Magama, inda hanyar Jibiya ke miƙewa zuwa Maraɗi. Ɗakin aikinta bai fi ɗakin ajiye hatsi ba: tebur, akwatin magani, da gado ɗaya mai katifar roba. Aikin dai duba katin rigakafi ne da auna zafin jiki, sai ɗaure rauni in ɗan acaɓa ya faɗi.

'Yar ƙasar Kafur ce, Bahaushiya gaba da baya, kuma Kirista ta ɗarikar Ekwa. Mahaifinta, Malam Bawa, mai bishara ne tun tana goye. A gidansu an san abu ɗaya game da baftisma: ta wanda ya girma ce, ya ji, ya tuba, ya shaida da bakinsa. Ita kanta sai da ta kai sha tara, bayan wata shida tana zuwa aji, sannan fasto ya nutsar da ita a dam har ruwa ya rufe mata kai. 'Yan Katolika kuwa daga nesa take hango su. Abin da ta sani a kansu bai wuce carbi da siffar Maryamu ba.

Wata Laraba a ƙarshen Agusta aka tashi da ruwa. Tun hantsi ake sheƙa shi kamar da bakin ƙwarya, har ya shafe wani kwari a hanyar shiga gari, motoci suka yi cirko-cirko. Tabita na zaune tana jin rugugin kwano a kanta, sai ga Fatu mai tuwo ta banko ƙofa, ta tallabo wata mata da ta jiƙe sharkaf.

"Malama, taimaka! Naƙuda ce, a mota ta kama ta."

Sunan matar Odil, 'yar Katolika ce daga Maraɗi. Mijinta mai ɗaura tayil ne a Katsina, ita kuma za ta Maraɗi ne goyon ciki wurin uwarta. Cikin bai cika wata takwas ba. Tabita na dubawa ta san ba inda za a je. Ta kira asibiti ta waya, aka ce mota na nan a shirye, amma sai ruwan kwarin ya janye.

Kafin a jima ɗakin ya cika da mata. Iya Toyin, Bayerabiya mai sayar da burodi a gefen titi, ta shigo da tsofaffin zannuwa. Ita 'yar cocin masu fararen riguna ce, waɗanda ba sa shiga ibada da takalmi. Madam Ekaete, jami'ar shige da fice, ta bar teburinta ta zo ta tsare ƙofa kada maza su leƙo. Ita kuma cocinta na masu addu'a da ƙarfi ne, ko ɗan kunne ba ta sakawa.

Wajen azahar yarinya ta faɗo. Tabita ta karɓe ta a tafin hannu biyu, ta ji kamar ba ta riƙe komai ba. 'Yar mitsitsiya, launinta ya yi duhu, ba kuka, ba motsi. Ta share mata baki da hanci, ta murza bayanta, ta ɗora mata robar hura iska tana matsawa tana ƙirgawa. Can sai ƙirjin ya ɗaga. Yarinyar ta yi wani ɗan kuka kamar na kyanwa, ta yi shiru, ta ja numfashi, ta daɗe ba ta sake ja ba.

Odil ta ɗago kai daga cinyar Fatu. Ba ta tambayi ko mace ce ko namiji ba. Ta dubi yarinyar, ta dubi fuskar Tabita, ta gane.

"Likita, ke Kirista ce? Na ga Littafi bisa teburinki."

"E."

"Ki yi ma ɗiyata batem. Yanzu."

Tabita ta yi tsammanin ba ta ji daidai ba. "Baftisma? Ni? Ai ni ba fasto ba ce. Ba ma 'yar Katolika ba ce."

"Babu mompe nan kusa," in ji Odil, tana nufin Fada, limamin cocinsu. "An koya muna, in rai na bakin tahiya, kowa na iya yi. Ni ba ni iya tashi. Ki taimake ni."

Madam Ekaete ta baro ƙofa, da Hausarta mai ɗingishi. "A'a! Kar ki yi. Wannan kamar kun sallama ta ga mutuwa ne. Yarinyar nan ba za ta mutu ba, na ƙi!" Ta ɗaga hannu sama ta fara addu'a, da Turanci da farko, sannan da wani harshe da ba wanda ya san shi a ɗakin, har ita kanta.

Iya Toyin kuwa ta riga ta ciro wata 'yar kwalba daga ɗaurin zaninta. "Ga ruwa. Annabinmu ya yi addu'a a kai kwana bakwai, an sa turare. Ki shafa mata, mugun abu zai gudu."

Odil ta girgiza kai. "Na gode, Inna. Amma sai ruwa tsantsa, wanda ba a garwaya da komi ba."

Fatu ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, baki buɗe. Shekara goma tana zuba wa waɗannan mutane tuwo, a zatonta duk ranar Lahadi wuri ɗaya suka nufa. "Ikon Allah," ta ce. "Ashe ku ma kala-kala ne?"

Tabita na riƙe da yarinyar, yatsanta a kan ɗan ƙirjin, tana jin bugun zuciya kamar na tsuntsu. Ita a ranta ba ta da shakka: jaririn da bai san dama da hagu ba yana hannun Allah, da ruwa ko ba ruwa. Haka aka koya mata, haka kuma ta gaskata. In ta zuba ruwan nan, ba wasa take da sunan Allah ba? In kuma ta ƙi, yarinyar ta cika a hannunta, da wane ido za ta dubi matar nan?

Ta durƙusa daidai fuskar Odil. Ba ta so ta yaudare ta.

"Ki ji ni da kyau. A cocinmu ba ma yi wa jarirai. Ni ban yarda da shi ba. In na yi, anya zai karɓu a wurinku?"

"Ba a ce sai kin yarda ba," in ji Odil, muryarta ta dushe. "Ba ke ke bayarwa ba, Shi ke bayarwa. Ke dai ki yi niyyar yin abin da Ikilisiya ke yi, ki zuba ruwa, ki faɗi kalmomin. Ko wagga baiwar Allah da ke riƙe da ni, in ta yi niyya ta yi, ya yi."

Fatu ta zabura. "Ni? A'a, ɗiyata, rufa mani asiri. Ni dai ruwa zan kawo."

Maganar ta tsaya wa Tabita a rai. Ta taso tana jin cewa 'yan Katolika sun ɗaure komai a hannun Fada, ba a isa ga Allah sai ta wurinsa. Ga shi yau 'yarsu na gaya mata cewa a ƙofar mutuwa sun bar abin a buɗe, har ga wadda ba ta yarda ba, har ga mai tuwo da ke salla biyar.

Fatu ta leƙa waje ta tara kofin silba a bakin indararo, ta zubar da na farko, ta sake tarawa. Ta dumama shi a tafin hannunta kafin ta miƙo.

"Wane suna?" in ji Tabita.

"Yau nawa ga wata?"

"Ashirin da bakwai."

"Ranar Monik mai tsarki ce. Uwa ce da ta yi shekaru tana kuka saboda ɗanta. Ki ce Monik."

Tabita ba ta taɓa sanin ranaku na da masu su ba. Ta tallafi kan yarinyar da hagu. Iya Toyin ta zame silifas ɗinta ta tsaya ƙafa ba takalmi a kan siminti mai sanyi. Madam Ekaete ba ta daina addu'a ba, amma ta sassauta murya, ta juya fuska ga bango don kada ta gani. Fatu ta gyara mayafinta.

"Sau uku," in ji Odil. "Kowane suna da zubinsa."

"Monik, ina yi miki baftisma da sunan Uba," ruwa ya gangaro a ɗan goshin, "da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki."

Kalmomin da fasto ya faɗa a kanta ne a bakin dam, ba ragi ba ƙari. Sai da suka fito daga bakinta ta gane haka. Daga kusurwa huɗu na ɗakin aka ce amin, kowa da irin tasa. Har Madam Ekaete, da ke kallon bango, ta faɗa.

Yarinyar ta yamutsa fuska don sanyin ruwan, ta buɗe baki, ta tsala kuka. Ba mai ƙarfi ba ne, amma ya fi na farko, kuma bai yanke ba. Tabita ta goge ta da sauri, ta kwantar da ita a ƙirjin uwar, fata da fata, aka naɗe su da zanin Iya Toyin. Odil ta rufe ido, hawaye na bin kunnenta, bakinta na motsi. Duk tsoron da ke fuskarta ɗazu ya tafi, alhali ba wanda ya ce mata yarinyar za ta rayu.

Bayan la'asar ruwa ya janye, mota ta iso ta kwashe su. Tana tashi gardama ta kaure a bakin ƙofa. Madam Ekaete ta ce addu'a ce ta tsawata wa mutuwa. Iya Toyin ta ce ai ta yayyafa ruwan kwalbarta a dokin ƙofa ba wanda ya lura. Fatu ta ce kwana ne bai ƙare ba, shi ke nan. Suka juyo ga Tabita ta raba su.

"Sanyi na sa jariri ya ja numfashi," ta ce. "Haka aka koya mana a makaranta. Amma ban sani ba."

Da yamma ta kira mahaifinta. Ta ba shi labari tiryan-tiryan, ba ta ɓoye komai ba. Tana jin kukan awaki ta cikin wayar, sai Malam Bawa ya tambaye ta.

"Da wane suna kika yi?"

Ta gaya masa: na Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki.

"To. Ni har gobe ban yarda da baftismar jariri ba, kuma in yarinyar ta girma ta zo wurina, zan ce ta shiga ruwa da ƙafarta. Amma da ni ne a ɗakin nan, Tabita, ban san abin da zan yi ba. Shekara arba'in ina wa'azi, ba a taɓa miƙo mini irin wannan tambaya da rai a tafin hannu ba." Ya yi gyaran murya. "Yarinyar na numfashi?"

"Tana yi, Baba."

"Bari mu yi mata addu'a."

Monik ta yi sati biyar a asibiti a Katsina, sannan suka wuce Maraɗi. Ranar da suka bi ta iyaka Tabita na hutu, ba su haɗu ba. Sai a watan Janairu, tana tsakar duba katin wasu fatake, ta ji an yi sallama da muryar da ta sani. Odil ce da mijinta, da wata 'yar ɓulɓul a goye, mai kumatu kamar an hura.

Bayan gaisuwa da ɗaukar yarinya da kiran su Fatu su zo su gani, Odil ta buɗe jaka ta ciro wani kati a cikin leda.

"Mun kai ta coci. Mompe ya tambaye ni yadda aka yi, na faɗa mashi duka: ruwan, da kalmomin, har da abin da kika ce, wai ba ki yarda ba."

"Sai ya sake yi mata?"

"Ina! Ya ce ba a yi sau biyu. Ya shafa mata mai, ya ba ta farar riga da kyandir, ya ce saura an riga an gama shi a Magama."

Ta miƙa mata katin. Da Faransanci aka rubuta, Tabita ba ta iya karantawa ba, sai mijin ya bi layin da yatsa yana fassara mata. Sunan yarinya. Sunan iyaye. Wuri: Magama. Sai layin da ake rubuta wanda ya yi baftisma, inda sunan Fada ya saba zama. Wannan ba ta buƙaci tafinta ba. Da shuɗin biro, da rubutu mai kwanciya, an sa Tabita Bawa.

"Haka yake a babban littafin coci," in ji mijin. "Ya ce ko bayan shekara ɗari, in jikokinta suka zo nema, sunanki za a karanto masu."

Tabita ta zauna a bakin gadon roba da katin a hannu. Cocin da ba ta taɓa taka ƙofarsa ba, a garin da ba ta taɓa kwana ba. Fataken na tsaye a bakin taga suna jira, ɗayansu har ya fara ƙwanƙwasa gilashi, amma sai da Monik ta kai hannu za ta cafke katin ta kai baki sannan Tabita ta dawo hayyacinta, ta ɗaga shi sama, ta mayar wa uwar da hannu biyu.