Labulayen Gidan Nas

Ina tsaye a kan kujera ina auna faɗin ƙofar kicin ɗinsu lokacin da Baba Direba ya yi kira daga ɗakin kwana.

"Nas, ina kika kai mini rediyona?"

Matarsa na zaune a falo, taku uku tsakanina da ita. Na waiwaya ina jiran ta amsa, sai ta ɗora yatsa a leɓenta ta girgiza mini kai.

"Nas?"

Ba ta motsa ba. Can sai ga shi ya fito yana shafa bango, kansa a ɗage. Ya bi ta gabanta har gefen rigarsa ya taɓa gwiwarta, na ga ta riƙe numfashi. Ya wuce, ya kai ga sabuwar kantar da kafinta ya kafa jiya, ya laluba, ya ɗauki rediyon.

"Wa ke kan kujera?" ya ce.

"Ni ce, Baba. Mai ɗinki."

"Ina matar gidan?"

Ta nuna mini ƙofar waje da haɓa. Na ce, "Ta ɗan fita."

Ya tsaya jim, fuskarsa na fuskantar daidai inda take zaune. "To," ya ce. "Ta fita ke nan." Ya koma ɗaki da rediyonsa.

Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka, ƙofarmu na kallon tasu. Ita aikin jinya ta yi shekara talatin da biyar kafin ta ajiye, shi ya sa kowa a layin ke ce mata Nas, har da mijinta. Shi kuwa babbar mota ya ja, har ciwon ido ya sauke shi. Shekara huɗu ke nan bai ga komai ba, kuma tun lokacin ita ce idonsa. Takalmi ita, cokali ita, maɓallin riga ita. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure a gari mai nisa, sai dai a waya.

Wata biyu kafin wannan rana Nas ta tashi da gyaran gida, ba biki ba baƙi. Matan layi suka ce tsufa ne ya zo mata da gayu. Amma gayun nata na ragewa ne. A falo ta fitar da teburin gilashin da ko jikokinta ba ta bari su dafa, ta naɗe kafet, ta jera kujeru jikin bango har tsakiyar ɗakin ta zama fili. Ta sa birkila ya fasa tudun bakin kowace ƙofa ya daidaita ƙasa. A banɗaki aka ɓamɓare tayil mai santsi aka sa mai kaushi, aka kafa ƙarfen riƙo tun daga ƙofa har famfo. A kicin ta cire murafen kabad, ta sauko da kantoci daidai ƙirjin mutum, ta kyautar mini da tukunyar gas ta kawo butar lantarki. Gwangwanin sukari ta ɗaura masa roba ɗaya, na gishiri biyu, na ganyen shayi uku.

Daga ƙarshe ta sa aka ciccire ƙofofin cikin gida gaba ɗaya. Ta ce ƙofar da aka buɗe rabi ita ce ke fasa wa Baba goshi. A nan aikina ya shigo: labule biyar.

"Wane launi kike so, Mama?" na tambaye ta ranar da na sauko daga kujerar nan.

"Launin na wa? Baba ne zai ce ja bai karɓe shi ba?" Ta yi 'yar dariya. "In kin je shagon yadi ki rufe idonki ki zaɓa da hannu. Na falo mai laushi, karan-miski. Na kicin mai kaushi kamar buhu. Na banɗaki roba. Na sito ki sa masa geza a ƙasa. Ya taɓa kawai ya san inda yake."

"Na ɗakin kwana fa?"

Ta shiga ta fito da ƙullin kaya. Tsofaffin fararen kayan aikinta ne guda shida, a goge, suna ƙanshin maganin asu. "Ki farke su ki haɗa. Wannan yadin ko a cikin barci ya san shi."

Kwana tara na yi a kansu. Ranar da na kawo, Baba na waje a inuwa da rediyonsa, ita tana miƙo mini zobunan labule ɗaya bayan ɗaya. A lokacin na lura zoben aurenta ya koma babban yatsa, farin idonta kuma ya yi rawaya.

"Mama, wai me ya sa ba kya amsa masa?"

"Don ya saba."

"Ya saba da me?"

Ta ce in sauko. Ta kama hannuna ta ɗora a ƙasan haƙarƙarinta na dama, ta danna. Wani abu ne a wurin mai tauri, kamar an cusa dutsen guga a ƙarƙashin fata. Na janye hannuna da sauri.

"Shekara talatin da biyar ina taɓa irin wannan a jikin mutane," ta ce. "Ba sai an karanta mini takarda ba."

"Kin je asibiti?"

"Na je. Yaran da na koya wa riƙon allura ne suka kasa haɗa ido da ni."

"Baba ya sani?"

"Bai tambaya ba, ban faɗa ba." Ta miƙo mini wani zoben. "'Yata yarinyar kirki ce. Ranar da babu ni za ta kwashe shi ta kai shi bene hawa uku, ta zaunar da shi a ɗaki mai sanyi, a riƙa kawo masa komai a tire. Wata shida ba zai yi ba. A nan kuwa ko tari mutum ya yi a layin nan ya san ko wane ne. In ya iya gidan, ba ta da hujja. Hau ki ƙarasa, ƙanwata, kuka ba ya rataye labule."

Daga nan shirun nata ya riƙa tsawo. Da minti goma ne, ya koma awa guda, ya koma rabin yini. Ina kan keke ina ɗinki zan jiyo shi ta taga: "Nas, ina tawul?" Sai shiru. Sai ƙarar zobunan labule. Sai ya ce, "Na samu, ki riƙe bakinki." Wani lokaci ya yi fushi ya ce ko direban da ya fi kowa mugunta yakan yi wa makaho hon. Wani lokaci kuma ya riƙa ba ta labarin hanya, yana jiran ta gyara masa ƙaryar da ya saba yi, ita kuwa ko tari.

Wata rana na shiga mayar da almakashinta, na yi sallama sau biyu, na ajiye a kan sabuwar kantar nan, har na juya zan fita sannan na gan ta. Tana kujerar gefen taga, hannuwa a cinya, ido a kaina. Da idona biyu na wuce ta ban gan ta ba. 

"Kin ga na iya," ta ce a hankali.

Ranar wata Laraba, wajen ƙarfe huɗu na yamma, aka ƙwanƙwasa ƙofata. Na buɗe na ga Baba Direba shi kaɗai, ba sanda ba ɗan jagora. Shekara huɗu rabon da ya tsallaka layin nan da ƙafarsa. Ya yi aski, ya sa riga mai tsabta, maɓallai duk a raminsu.

"'Yar nan, zo ki yi mini shaida," ya ce yana murmushi. "Yau tun safe matar nan ba ta ce mini uffan ba. Na yi wanka, na dafa shayi, na wanke kofi, har falo na share. Na ce mata na ci jarrabawa a ba ni lasisi, ta ƙi kula ni. Zo ki gaya mata ya isa haka."

"Ko ta fita ne, Baba?"

"Ba ta taɓa fita ba. Har ranar da kika ce ta fita."

Na bi bayansa, shi ne a gaba. Ya ɗage labulen karan-miskin ya ba ni hanya.

Tana kujerar gefen taga. Ta ɗaura ɗankwali tsaf, hannuwa a cinya, idonta a buɗe kaɗan yana kallon ƙofar kicin. A ɗan teburin gefenta akwai kofin shayin da ya ajiye mata, ya huce har ya yi yana. Ƙuda ɗaya na tafiya a bayan hannunta, ba ta kore shi ba. Na taɓa hannun. Ya yi sanyi, kuma ya ƙi lanƙwasuwa.

"Dariya take yi, ko?" ya ce daga bakin ƙofa.

Na mayar da hannun kan cinyarta.

Ya karkata kai yana saurare. Murmushin ya tafi a hankali. "Ke ma kin koyi shirun," ya ce.

Ya taho ta tsakiyar falon, bai taɓa bango ba, bai yi tuntuɓe ba, ya durƙusa daidai gabanta. Ya shafa ƙafafunta, ya hau da hannu har fuskarta, ya rufe mata ido da kansa. Ya daɗe yana motsa leɓe. Ni ce na fita na kira mutane.

Likitan da ya zo ya ce aƙalla tun kafin goma na safe ta cika. Baba na zaune yana ji. Bayan likitan ya fita ya juyo wajena ya ce, "Da azahar na ji ta gyara zama. Kujerar nan tana da ƙara." 

'Yarsu ta iso washegari. Bayan kwanakin gaisuwa ta haɗa masa kaya a akwati biyu, kamar yadda uwar ta faɗa. Baba ya ce ta zauna tukuna. Ya shiga kicin, muka ji buta ta tafasa, ya fito da shayi kofi biyu a tire, ko ɗigo bai zubar ba.

"Baba, wannan duk na gani," ta ce tana share ido. "Amma ba za ka zauna kai kaɗai ba."

"Wa ya ce miki ni kaɗai ne?"

Ta dube ni, na dube ta.

"Ga maƙwabta," ya ce. Sai dai fuskarsa ba wajen gidana take ba.

Ta kwance akwatunan da hannunta. Muka yi da ita zan riƙa kai masa abinci rana da yamma, mai wanki kuma ta riƙa zuwa sau biyu a mako.

Kwana biyu da tafiyarta sai ga mai fenti da bokitinsa, wai ya zo yin korido, aikin da ya rage. Na ce masa ai matar gidan ta rasu.

"Na ji, Allah ya jiƙanta," ya ce. "Ita ta sa mini rana. Ta ce kada in zo sai sha bakwai ga wata, wai kafin nan gidan zai cika da mutane, za su ɓata mata bango."

Ya shafe koridon fari tas, tun daga ɗakin kwana har falo.

Wajen wata guda bayan haka na kai abincin yamma. Baba na kicin yana jiran buta. Rana ta sauko ta shigo ta tagar falo ta kwanta a bangon koridon, sai na ga sawun hannunsa: layi ɗaya mai duhu, daidai kafaɗarsa, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Na jiƙa tsumma zan goge.

A ƙasan layin, kamar taƙi ɗaya da rabi, akwai wani. Siriri ne, na yatsu uku, shi ma tun daga ɗakin kwana har falo bai yanke ba. Yara ba sa shiga gidan, mai wanki kuma a tsakar gida take tsayawa. Na jingina da bangon na gwada da kafaɗata, layin ya tsaya ƙasa da ita kaɗan. Nas gajeriya ce, iyakarta kunnena.

Na tsaya da tsumman yana ɗiga a sabon siminti. A kicin buta ta fara kuka, Baba na sauko da kofuna. Na matse tsumman, na shanya shi a ƙarfen taga.