Jan Ɗigon Farfesa Zacharias

Ranar da Farfesa Zacharias ya kira Dakta Christina Yamusa ofishinsa ya ce ita za ta haɗa masa hotunan da zai nuna a bikin ritayarsa, sai da ta ɗan rusuna ta ce to oga, har da murmushi. Wanda bai sani ba sai ya rantse 'ya ce a gaban ubanta. Ita kuwa da ana kashe mutum da kallo, da tuni an yi jana'izarsa.

Duk abin da ke tsakaninsu ɗigo ne guda, ja, wanda bai kai ƙwayar gero ba a fuskar kwamfuta. Christina ce ta gano shi tun tana ɗalibarsa a cibiyar binciken sararin samaniya da yake shugabanta a Abuja. A lokacin daga Jikwoyi take zuwa kullum, ta sha cunkoson Nyanya ta iso da ƙafa a kumbure, ta zauna tana tace hotunan da manyan na'urorin hangen nesa na ƙasashen waje ke ɗaukowa. Abin da take nema shi ne galaksi na farko-farko, wato dandazon taurarin da suka fara haɗuwa tun sararin samaniya yana jariri. Irin waɗannan, don tsananin nisa, haskensu ja yake isowa. A haka wata rana ta ga ɗigon. Ta kai wa oga, ta kuma roƙe shi a dakata a sami hoto na biyu kafin a faɗa wa duniya.

Bai dakata ba. Ya tura maƙala mujalla da sunansa shi kaɗai, nata kuwa sai can ƙasa cikin waɗanda aka gode wa, kusa da na direbansa. Da ta je ta yi magana, ya ce yarinya ce, ba ta san yadda ake tafiyar da abubuwa ba, ta je ta yi haƙuri, lokacinta na zuwa. Da ɗigon nan ya zaga ƙasashe, da shi ya sami kujerar da yake kai. Ita kuma ta nemi gurbin ƙaro karatu a waje aka ce ba a ga wani abin a zo a gani da ta taɓa yi ba. Ta yi kuka har ta gaji, daga nan ta daina, ta ƙulla abin a ranta. Ba ta taɓa yafe masa ba, ko a coci in an zo wurin yafe wa waɗanda suka yi mana laifi, rufe bakinta take yi.

Ana saura 'yan watanni bikin, hoto na biyun da ta roƙa tun tuni ya fito daga wata sabuwar na'ura. Ta jera shi da tsohon, tana sauya su ɗaya bayan ɗaya a fuskar kwamfuta kamar yadda masu aikin ke yi. Komai ya tsaya cak a wurinsa, ban da jan ɗigon. Shi tsalle yake yi, hagu, dama, hagu, dama. Abin da ke can ƙarshen sama ba a ganin motsinsa ko mutum zai shekara dubu yana kallo. Wanda ya gusa haka, maƙwabci ne. Ashe ba galaksi ba ne, wani ɗan ƙaramin tauraro ne mai sanyi a cikin namu dandazon, jansa ya ruɗe su.

Ba ta gaya wa kowa ba, ta bi shi da awo. Gudunsa ya yi yawa, ƙarfen da ke cikin haskensa kuma kaɗan ne ƙwarai, alamar an haife shi tun kafin taurari su ƙera ƙarfe da yawa su watsa. Tsoho ne tukuf, irin wanda masu neman tsofaffin taurari ke mafarkin samu. Sai dai ta san in oga ya ji, wannan ma zai haɗiye, ya ce ai dama ɗigonsa ne. Don haka ba tona masa asiri kawai take so ba. So take ya buɗe baki da kansa, a gaban mutane, ya ce ɗigon nata ne.

Halinsa biyu ta sani kamar yunwar cikinta. Farfesa ba ya juyawa ya dubi allo in yana jawabi. Ya ce babba ba ya ba jama'a ƙeya, shi dai ya ɗaga yatsa ya ce na gaba, wani ƙaramin ma'aikaci ya danna. Na biyu kuma, in abu ya lalace, bai taɓa zama nasa ba.

A wani zauren biki da ke Gudu aka yi taron, da rana tsaka. Matarsa, Mama Jessica, ta sa an buga anko mai hoton fuskarsa da jan ɗigon a gefe, ya yi girman faranti. 'Yan cocinsu da mutanen garinsu duk sun ɗinka, har da masu ɗaura ɗankwali mai hawa biyu. Christina ma ta saya ta ɗinka, ta kuma sa tela ya daidaita ɗigon a kan ƙirjinta. A sahun gaba ga malaman fannin daga jami'o'i, ga 'yan jarida da kyamarorinsu. Mama Jessica ta zo ta rungume ta tana cewa Allah ya yi mata albarka, ita ce 'yar da ba ta taɓa ba Baba kunya ba. Nan ne kawai Christina ta ji wani abu ya ɗan soke ta, don matar ba ta taɓa yi mata komai ba sai alheri. Amma ta wuce ta zauna a gaban kwamfutar majigi.

Farfesa ya hau mumbari cikin babbar riga, ya yi ta zuba. Ya faɗi yadda ya hana idonsa barci, yadda Turawa suka yi masa dariya, yadda shi kaɗai ya tsaya. Da ya iso kan ɗigon, muryarsa har rawa take.

"Wannan da kuke gani, ba wanda ya taya ni. Ni da Ubangijina ne. Na gaba."

Ta danna.

Hotuna biyun suka fara sauyawa a kan allo mai faɗin bango. Jan ɗigon ya shiga tsalle a bayan kan Farfesa, shi kuma yana ta bayanin cewa abin nan nisansa ya wuce hankali, ko motsi ba a taɓa gani ya yi ba. Mutanen gari suka yi tafi, sun zaci kwalliya ce aka yi wa hoton. Sahun gaba ne ya yi tsit. Wata malama mai suna Dakta Rukayyat, wadda ba ta iya ganin abu ta yi shiru, ta miƙe ta ce a gafarce ta, shin hotunan nan biyu na wuri ɗaya ne a shekaru daban-daban? In haka ne, ai abin yana tafiya, kuma galaksi ba ya tafiya haka.

Sai a lokacin ya juya. Christina ta zuba masa ido, ba ta son ko ƙiftawa ta wuce ta. Ta ga bakinsa ya ɗan buɗe, ta ga zufa ta keto daga ƙarƙashin hularsa, ta ga yana bin ɗigon da kai kamar mai kallon ƙwallon tebur. Malami ne, duk lalacewarsa, kallo ɗaya ya gane. Kyamarori kuma na kansa. Wani daɗi ya ratsa ta tun daga tafin ƙafa, ba ta kuma ji kunyar jin sa ba.

Amma saura abu guda, kuma tana tsoron kada yau ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya ɗauki laifi. In ya ce kuskurensa ne, ɗigon ya zauna a hannunsa ke nan har abada, da tsohon tauraron da komai.

Ya goge fuska. Ya dube ta. Ya yi 'yar dariyar manya.

"To, gaskiya, kun san mu manya sa hannu kawai muke yi. Wannan aikin tun farko na ɗalibata ne, Christina. Ita ta gano shi, ita ta auna. Ni ban ma taɓa hoton ba."

Ya ɗan janye makirufo daga bakinsa da ya faɗi haka, don haka na baya ba su ji ba. Christina ta tashi a hankali, ta gyara zaninta, ta taka har gaban mumbari, ta rusuna kamar yadda ta saba.

"Oga, na baya ba su ji ba. A taimaka a maimaita."

Ya maimaita, da ƙarfi wannan karon, yana murna ya sami inda zai sauke kaya. Ya faɗi cikakken sunanta, har da na mahaifinta, ya ƙara da cewa 'yan jarida su rubuta da kyau kada a haɗa shi da abin da ba nasa ba. Suka duƙa suna rubutawa.

Ta miƙa hannu biyu ta karɓi makirufon daga hannunsa, ta juya ta fuskanci sahun gaba.

"Na gode, oga. Tunda nawa ne, bari in gaya muku ko mene ne."